Cen-bulok da ƙarfen rataye sa: abin da na gani bayan wata takwas ina aiki da su a Agege

Abin da ya sa na zuba kuɗi a kan wannan ƙarfe, wata Hajiya ce mai gidan abinci a Ogba, nan Legas, wadda na shekara shida ina kai wa nama. Wata Laraba cikin damina ta aiko yarinyarta da baho, a ciki rabin cinyar da na kai mata da safe. Ko da na yaye ledar sai na ga jini ya kwanta a gindin bahon, ya yi baƙi-baƙi, ga ƙarni yana tashi tun ba a kira la'asar ba. Na buga mata waya. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, naman nan in na ɗora shi a wuta baƙar kumfa yake yi, sai na kwashe sau uku kafin romo ya yi kyan gani. In aka ɗauke wuta kuwa, ko kwana ba ya yi a firiza." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zan duba." Na mayar mata da kuɗinta. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda maganar ta tsaya mini a rai, domin ni fawa gado na yi, ba haye ba. A ce naman da ya fito daga hannuna yana tara jini a baho, wannan ya taɓa sunan gidanmu.

A wata ƙaramar mayanka nake aiki a gefen Agege, mai rajista, likitan dabbobi yana zuwa duba mana kullum da safe. Rabona a rana sa uku ne, ranar Juma'a da Asabar huɗu ko biyar. Yadda muka taso muka ga ana yi, haka muke yi: a kayar da sa a kan siminti, a fuskantar da shi alƙibla, Malam ya yanka, a bar shi ya gama shure-shure, sannan yara su birkice shi rigingine su fara fiɗa, fatarsa ita ce tabarmarsa. A Kano mahaifina ya yi shekara da shekaru a haka ba wanda ya taɓa dawo masa da nama. Amma iskar Kano daban, ta Ikko daban. Can, musamman da hunturu, kana rataye nama sai bayansa ya bushe ya yi ƙyalli. Nan kuwa iska jiƙe take, zafi da laima tare, nama ba ya shan iska, duk ɗigon jinin da ya rage a jikinsa shi zai fara lalacewa ya ja sauran. Ga siminti da jinin sa na farko bai gama wucewa ba an kayar da na biyu a kai.

Dabarar ta zo mini ne a garejin wani bakanike, ina jira a gyara motar da ke ɗaukar mana nama. Na ga yaro ɗaya, siriri, yana jan sarƙa da hannu, injin mota sukutum yana tashi sama a hankali. Na tambayi sunan abin, aka ce cen-bulok. Dama na san a manyan mayanka masu layi rataye dabba ake yi ta ƙafar baya, kai a ƙasa, jini yana tsiyaya. Na ce a raina, abin da ya ɗaga inji ai zai ɗaga Bunaji.

Ga abin da na saya. Cen-bulok na hannu, ba ruwansa da wuta ko janareta, da sarƙar ɗauka mai tsawon mita 3, wadda ita ce yawanci ake sayar da su da ita. Ƙarfe kuma na je kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin da kaina na zaɓa: bututu biyu masu kauri na tsaye, da ƙarfen gilma irin wanda ake sa wa gini, sai sanda mai ƙugiya biyu da ake buɗe ƙafafun baya da ita. Wani dattijo mai walda, Bayarabe, shi ya haɗa, aka haƙa rami biyu aka dasa ƙafafun da kankare. Duka-duka, da ƙarfe da aiki da siminti da cen-bulok ɗin, abin da na kashe ya tasam ma kuɗin matsakaicin maraƙi a lokacin. Na faɗe shi haka ne domin farashin ƙarfe a garin nan ba ya kwana inda ya wuni.

Matsala ta farko tsayi ce. Na ce wa dattijon sa za a rataye, ya ce ya gane, ya yi ƙafa 10. Shi ya auna tsawon sa daga ƙafar baya zuwa kafaɗa, ya manta da wuya da kai da ƙaho, ya kuma manta cewa cen-bulok ɗin kansa da ƙugiyarsa suna cin fiye da ƙafa ɗaya a sama. Ranar gwaji muka ja wani Rahaji mai dogon ƙaho har sarƙa ta ƙure, kansa da wuyansa na nan kwance a ƙasa, wuyan ya lanƙwashe daidai wurin yanka. Wato maimakon hanya ta buɗe wa jini, sai muka ƙara toshe ta. Na ce, "Baba, wannan bai yi ba." Ya yi ta kawo dalilai, amma daga baya ya yarda ya ƙara, ni na sayi ƙarin bututu, shi ya yafe kuɗin aiki. Yanzu ƙafa 14 ne, kuma da shi kan kowane sa yana barin ƙasa da kamar kamu biyu, har baho ya shiga ƙarƙashi. Duk wanda zai sa a yi masa, kada ya yarda da ƙasa da haka. Wurin da aka yi ƙarin ma na sa an lulluɓe shi da wani bututu aka sake walda, don ban yarda da haɗin baki-da-baki ba a abin da mutane za su tsaya ƙarƙashinsa.

Ranar da muka fara aiki da shi sosai ba zan manta ba. Wani Bokolo ne fari, mai tozo, zai yi kilo 350. Malam ya yi bisimilla da kabbara ya ja wuƙa, jini ya yi tsartuwa ta jijiyoyi biyu, yana bugawa daidai da bugun zuciya, da farko har yana kai taku biyu, sannan ya riƙa raguwa. Yarona ya ɗauko sarƙa zai zarga a ƙafa, Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Dakata, ɗana. Rai bai gama fita ba." Muka tsaya. Sai da shure-shure ya ƙare, aka taɓa idon bai ƙifta ba, numfashi ya yanke, sannan aka zarga sarƙa a saman kofaton baya aka fara ja. Sarƙar hannu tana ƙara, ƙarar-ƙarar-ƙarar, sa yana tashi kamar ba ya tashi. Da gindinsa ya bar ƙasa, cikin ya zazzago wajen ƙirji, sai ga wani jini ya ɓarke daga wuya, mai duhu, mai kauri, ba tsartuwa, zuba kawai yake yi kamar an karkata tulu. Yaran suka yi shiru suna kallo. Ƙanena ya ce, "Yaya, ashe duk wannan a ciki muke barin shi?"

To, a nan ne zan faɗi abin da mai sayar da cen-bulok ba zai faɗa maka ba, domin shi ma bai sani ba. Na yi sati biyu ina aunawa. Ina da bokitin fenti mai cin lita 20, da shi muke tare jinin yanka tun sa yana kwance, sai kuma wani baho daban da muke sa wa bayan an rataye. A matsakaicin sa, bokitin farko yana wuce rabi, lita 11, 12, wani lokaci 13. Abin da ke zuba bayan ratayewa kuwa bai cika wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. A ido yana da yawa domin lokaci guda yake zubowa, amma a ma'auni kaɗan ne. Mafi yawan aikin zuciyar dabbar ce take yin sa, a minti biyun farko, tun kafin sarƙa ta taɓa ƙafarta. Cen-bulok na hannu kuma sanyin jiki gare shi: kafin yaro mai ƙarfi ya kai sa sama an ci minti biyu zuwa uku yana jan sarƙa ba hutawa. Saboda haka ƙarfen nan ba ya fitar da jinin da yanka ta kasa fitarwa da farko. Abin da yake kwashewa shi ne ragowar da ta kwanta a manyan jijiyoyin ƙirji da na wuya, wadda a da sai an fasa ƙirji take malalowa ta wanke haƙarƙari da ƙarfata.

Wannan lita ɗayar ba abin rainawa ba ce, ita ce take ɓata gefen da dabba ta kwanta a kai. Amma da na ga lissafin sai hankalina ya koma kan wuƙa.

Likitar dabbobin da ke duba mana, wata mata ce mai haƙuri, ta ga ina ta aune-aune ta tambaye ni dalili. Da na gaya mata sai ta kira ni wajen wani sa da jininsa ya tsaya da wuri, ta sa yatsa a wurin yanka ta jawo bakin babbar jijiyar da ke kai jini kai. Bakin ya kumbura ya yi kamar ƙaramin ƙwai, jini ya daskare a ciki ya toshe shi. Ta ce shanu suna da wannan, jijiyar takan ja da baya bayan an yanke ta, ta shige cikin rigarta, jini ya taru ya rufe bakin. In haka ta faru jini yana raguwa tun zuciya ba ta gama aikinta ba, dabbar kuma takan daɗe ba ta fita hayyacinta ba, domin sa yana da wasu jijiyoyi da ke bi ta cikin ƙashin wuya su kai jini ƙwaƙwalwa, waɗanda wuƙar yanka ba ta isa gare su. Rago ba haka yake ba, shi ya sa yake saurin yin sanyi. Na shekara sama da ashirin ina ganin sa da jininsa ke tsayawa da wuri, mukan ce "wannan ba shi da jini" mu wuce. Ashe jinin na nan, hanya ce ta toshe.

Ta ce abin ya fi faruwa in an yi yanka can ƙasa wajen ƙirji, yana raguwa in an matso sama kusa da muƙamuƙi. Na kai wa Malam maganar, domin mu a mazhabarmu ta Malikiyya akwai iyaka: dole a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, ta gaba, ba a ɗaga hannu sai an gama, kuma zakaran wuya ya tafi ɓangaren kai, kada wuƙa ta bi ta samansa. Malam ya ce babu saɓani, a bi ta ƙarƙashin zakaran wuyan daf da shi, an cika shari'a an kuma bi maganar likita. Ya ƙara da tuna mana hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yi yanka ku kyautata, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Tun daga ranar na sayi doguwar wuƙa wadda tsininta ba ya shiga cikin rauni in ana ja, ba a yin komai da ita sai yanka, ana wasa ta bayan kowane sa, kuma ba a gaban dabba ba. Yaro ɗaya aikinsa kawai ya riƙe kai a miƙe bayan an yanka, don kada leɓunan raunin su haɗu. Waɗannan abubuwa ba su ci ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ƙarfe ba, amma su ne suka ƙara abin da ke shiga bokitin farko.

Na hana abu biyu a wurina. Na ɗaya, sokar ƙeya ko karya wuya da zarar an yanka don dabba ta daina motsi a yi sauri. Malamanmu sun karhanta a fara fiɗa ko yankan wani sashe kafin rai ya fita, kuma ni na ga da idona naman wanda aka yi wa gaggawa ya fi riƙe jini. Na biyu, watsa ruwa a wurin yanka tun jini na zuba. Minti shida nake ba kowane sa daga jan wuƙa zuwa taɓa fata, ina duba agogon waya. Yaran sun yi ta ƙorafi da farko, masu jiran kayan ciki da masu ganda suna tsaye a kanmu tun asuba, kowa na son ya riga wani isa kasuwa. Yanzu sun saba.

Akwai kuma abin da ƙarfe da wuƙa duka ba sa gyarawa. Shanun da muke yankawa daga Arewa suke zuwa, daga Maigatari, Wudil, Potiskum, Illela, wasu ma daga ƙetaren iyaka. Daga Kano zuwa nan kusan kilomita 1,000 ne, ta Mokwa da Jebba da Ilorin da Ibadan, kwana biyu ko uku a tsaye cikin tirela, a cunkushe, ƙaho na sukar na kusa. Sa yana sauka ƙafafunsa na rawa, idonsa ya faɗa. In ka yanka shi a ranar, ko ka rataye shi awa guda naman zai fito da duhu, ya yi tauri, yana danƙo a hannu, kuma ba ya jure ajiya. Da can ni ma jini nake ɗora wa laifi. Likitar ta ce a'a, akwai wani abu mai kama da sukari da tsoka ke ajiyewa, shi ne bayan yanka yake juyewa ya ba nama ɗan tsamin da ke sa shi yin ja mai haske ya kuma daɗe. Dabbar da ta wahala ta riga ta ƙone shi a hanya. Ta kuma ce jan ruwan da ke fita daga nama in an ciro shi daga firiza yawancinsa ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da launinta. Na koma na yi tunanin cinyar Hajiya, na tuna san nan da daddare aka sauke shi, da asuba muka yanka saboda oda ta yi yawa. Ke nan abu biyu ne suka haɗu a bahon nan, jinin da ya kwanta da kuma gajiyar dabbar. Yanzu in na sayi sa a kara sai ya kwana aƙalla ɗaya a inuwa, biyu in hali ya yi, ruwa a gabansa kullum, dusa da harawa kaɗan, daren yanka a janye abinci a bar ruwa. Yana cin kuɗin tsaro da na ciyarwa. Na gwammace haka. Wurin da gora ko igiya ta ƙuje kuwa jinin ya riga ya shiga tsoka ya kwanta, ba ratayewar da za ta fitar da shi, sai dai a yanke a zubar, shi ya sa duk yaron da na ga yana jibgar dabba a hanyar shigowa ba ya sake yi mini aiki.

Inda ƙarfen nan ya biya kuɗinsa da gaske shi ne tsabta. Bayan jini ya gama tsiyaya mukan sauke, a cire kai da ƙafa, a buɗe fatar cinyoyi, a sa ƙugiyoyi biyu a agara, a sake ɗagawa a hankali ana fiɗa ana hawa. Fata tana sauka ƙasa da nauyinta, bayanta ba ya taɓa tsoka. In an zo fasa ciki, tumbi da hanji suna zubowa da kansu cikin baro, ba a jan su ta kan nama, kuma tunda muka fara ban fi sau biyu na ga an huda tumbi ba. A ƙasa kuwa kusan kowane mako sai an yi. Nama ba ya taɓa siminti ko sau ɗaya daga yanka har shiga mota. Saboda haka mun daina yi masa wanka da bokiti-bokitin ruwa, wanda dama shi ke ƙara masa laima ya sa shi saurin juyawa. Likita ma ta fi jin daɗin duba huhu da hanta da cikin ƙirji a tsaye. Ga bayan yara ya huta da sunkuyo. Wani mai tsire a Ikeja da ke karɓar cinya a wurina, ban gaya masa na canza komai ba, shi da kansa ya ce, "Maigida, kwanan nan naman yana shan ƙuli sosai, ba ya jiƙa shi." Masu tsire sun fi kowa sanin jiƙaƙƙen nama, domin ƙuli ba ya kama shi, a wuta kuma dahuwa yake yi maimakon gasuwa.

Ga raguna da awaki ba a buƙatar cen-bulok ɗin ma. Na sa an walda ƙugiyoyi shida a jikin ƙarfen gilma, mutum biyu su ɗaga su maƙala. Da Babbar Sallah da ta wuce maƙwabta suka yi ta kawo nasu, Balami da Uda manya-manya, muka yi sama da talatin a kwana biyu ba tare da wurin ya zama taɓo ba.

Sai laifuffukansa, kuma suna da dama. Cen-bulok ɗin da na fara saya mai araha ne, a wani shago da ba zan ambata ba, an rubuta tan 2 a jikinsa. A wata na biyu birkinsa ya fara zamewa: ka ɗaga sa ka saki sarƙa, sai ka ga yana saukowa da kansa kaɗan-kaɗan. Wata safiya ya zame kusan kamu uku lokaci guda, ƙanena yana tsugune yana gyara baho a ƙasa. Allah ya tsare, ƙahon ya wuce ta gefen kafaɗarsa ya yaga riga kawai. A ranar na sauke shi. Na mayar shagon, mai shagon ya ce mu muka sa masa ruwa. Ban tsaya jayayya ba, na je wurin masu sayar da kayan ɗaga injin jirgin ruwa na sayi na hannu, wato wanda aka yi amfani da shi a waje, tan 1 na gaskiya, ya fi na farkon nauyi a hannu nesa ba kusa ba. Wata shida ke nan bai zame ko sau ɗaya ba. Wanda zai saya ya ɗaga abin ya ji nauyinsa, ya duba kaurin sarƙar ɗauka, ya sa a rataya masa kaya mai nauyi a gabansa a bar shi minti goma ya gani. Rubutun jikin kwali ba shaida ba ne. Kuma ko mai kyau ne, doka a wurina ita ce ba mai sa kansa ƙarƙashin sa, da sanda ake tura baho.

Tsatsa ita ce ta biyu. Iskar Legas da jini da ruwa in suka haɗu a kan baƙin ƙarfe, sati uku ya isa. Ƙugiyoyin farko da mai walda ya lanƙwasa daga rodi sun riƙa barin jan tabo a agara, dole na canza su da na ƙarfen da ba ya tsatsa, su ma da tsadarsu. Ƙafafun ƙarfen daga ƙasa zuwa gwiwa mun shafe su da fenti sau biyu, na kuma sa an ɗaga kankare ya zagaye gindinsu don kada ruwa ya kwanta. Sarƙa tana son mai, amma baƙin mai yana ɗiga a kan nama. Mun koma goge ta da tsumma mai ɗan man gyaɗa bayan an tashi aiki, a share kafin a fara da safe. Yana yin danƙo in an bar shi ya taru, sai an wanke da ruwan zafi duk mako. Bakaniken nan ya gargaɗe ni kada mai ya kusanci birkin da ke cikin kan, na kiyaye. Da yamma muna sauke cen-bulok ɗin mu shigar da shi ɗaki, saboda ruwan sama da kuma masu ɗauke-ɗauke. Ɗan ƙarfen da ke rufe bakin ƙugiya ya karye tun a wata na uku, ƙaramin abu ne amma shi ke hana sarƙa zullewa in sa ya juya, sai da na sa aka yi wani.

Abu na uku, ƙarfe ɗaya sa ɗaya yake ɗauka. Daga yanka zuwa raba shi huɗu muna cin kusan minti arba'in, alhali a ƙasa ana iya baje uku a yi su tare. Ga mai sa uku ko huɗu a rana ya isa in an fara da wuri. Mai goma kuwa sai dai ya kafa biyu ko uku, ko ya nemi mai aiki da wuta, wanda a nan ma'anarsa janareta da man fetur.

Da na san abin da na sani yanzu, da daɓen ƙasa zan fara gyarawa kafin ƙarfe. Simintinmu shimfiɗe yake ba gangare, jini yana tsayawa ya daskare. Daga baya na sa birkila ya yi wa wurin yanka ɗan gangare zuwa wajen da wuya ke kallo, yadda in an kayar da sa kansa yana ɗan ƙasa da gindinsa, ya kuma yi ƙaramin rami da baho ke zama a ciki. Wannan ma ya taimaka wa zubar farko. Jinin ba ma sakin sa a magudana, domin yana toshe ta, yana tara ƙuda, maƙwabta kuma suna da hakki. Akwai masu zuwa da jarkoki su kwashe, su dafa su shanya su haɗa abincin kaji da kifi. Ni ba na karɓar ko sisi a kansa, jini mai kwarara haramun ne a gare mu, Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul An'am, kuma an hana cin kuɗinsa. Su kwashe su tafi, wuri ya yi tsabta, ya ishe ni.

In an ce in ba shi maki, ƙarfen da cen-bulok na biyu zan ba su bakwai cikin goma. Na farkon ba ya samun komai. Ina ba ƙananan mahauta irina shawarar su yi, da ƙungiyoyin unguwa masu watanda duk wata ko duk Sallah, su haɗa kuɗi su kafa ɗaya a wurin da hukuma ta yarda a yi yanka. Wanda kuma kuɗinsa bai kai ba, ya fara da doguwar wuƙa da dutsen wasawa, da kwana ɗaya na hutu ga dabba, da minti shidan nan, zai ga canji tun kafin ya je wurin mai walda.

Hajiya ta dawo da odarta bayan wata guda da fara aikin, da rabin cinya ta fara gwada ni. Yanzu cinya biyu da haƙarƙari take karɓa ranar Litinin da Alhamis. Makon jiya da na kai da kaina ta shigar da ni kicin ta buɗe tukunya ta nuna mini, kumfa fara ce siririya a gefe, sau ɗaya ta kwashe da ludayi. Ta ce, "Malam, ranar Asabar ina da biki, ka ƙara mini ƙarfata ɗaya, kuma irin wannan nake so." Na ce mata san Asabar tun Alhamis zai sauka, yana ɗaure a inuwa yana shan ruwa.